Ranar da Inna Ta Yi Maganar Ɗan Farinta

Inna ba ta kama sunan yayana, ba ta kallonsa ido cikin ido, ko ruwa ba ta miƙa masa da hannunta. Ɗan fari ne, kuma kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. In tana son a kira shi sai ta ce, "Ku ce wa wancan ya zo." Na yi aure, na haihu, na fara bandar kifi a Yelwa, duk ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba.

Shi kuwa wancan ɗin direban jirgin ruwa ne, yana ɗaukar 'yan kasuwa zuwa ƙauyukan bakin tafki ta wajen Ngaski. Mutum ne mai fara'a da kyauta, amma yana shan burkutu. Duk mun sani, muka haɗa baki muka ɓoye wa Inna, muna ganin kanmu masu wayo.

A shekarun da aka yanko Kebbi daga Sakkwato ne ya zame a bakin jirgi yana cikin maye, ya bugu a ƙugu. Ya kwanta a ɗaki ba ya ko motsi, abokansa kuma suna lallaɓo masa abin a cikin buta. Ni dai haushi ya hana ni zuwa duba shi da wuri. Da na je, na tarar sharaɓarsa ta hagu ta kumbura ta yi zafi. Baffanmu ya ce targaɗe ne, ya kira mai ɗori. Mai ɗori ya shafa man kaɗe ya murje ƙafar da iya ƙarfinsa, kamar yadda ake yi wa kowa, muna ta yi masa godiya.

Washegari da hantsi yayana ya tashi zai fita tsakar gida, sai ya dafe ƙirji. Numfashi ya gagara. Ya yi tari, muka ga jini. Aka sa shi a mota zuwa asibiti, abin mamaki sai ga Inna ta ja mayafi ta shigo, ta zauna can baya tana kallon taga.

Likitan ya duba ƙafar, ya saurari ƙirjin, ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa saboda doguwar kwanciya. Wataƙila murzar ce ta ɓalle shi, ya bi jijiya har ya toshe hanya a huhu. Na tambaye shi girman gudan jinin, ya nuna mini kan ɗan yatsansa. Ƙaton mutumin da ke tura jirgi cike da buhunan shinkafa shi kaɗai, ga abin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba yana neman ransa. Har yau in na tuna sai na yi tasbihi.

Sai likitan ya ce zai ba shi maganin tsinka jini, amma dole ya san gaskiya: yana shan giya? Ya ce maganin ba ya jituwa da ita, mai sha zai iya zubar da jini ta ciki har ya mutu.

Yayana ya dubi inda Inna take, ya girgiza kai. Baffa ya ce, "Subhanallahi, ɗan Musulmi ne." Ni ma na kau da kai. Likitan ya ɗauki biro zai rubuta.

"Shina sha, likita."

Inna ce. Ta matso har bakin gadon.

"Tun shina saurayi shi ka sha. Burkutu ne, ran kasuwa ya fi yawa. Kwanakin ga da yak kwanta ma ana kawo mashi cikin buta. Ɗana ne, ni na haihe shi. Ka ba shi abin da ba ya kashe shi."

Ban taɓa jin ta ce "ɗana" ba. Na tsaya ina kallonta kamar yau na fara ganinta, tsoro da girmanta suka cika ni. Baffa ya sunkuyar da kai. Likitan ya soke abin da ya fara rubutawa, ya ce za a riƙe shi a asibiti a sa masa ido, kuma shi da burkutu sun rabu ke nan.

Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma a wannan lokacin ba wanda ya san haka. Yana kwance yana haki, hawaye na bin kunnensa, ya ce da ƙyar, "Inna, ashe kin sani?"

Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, a gaban kowa.

"Yi shiru," ta ce. "Ja numfashi."