Mai Facin Kwale-kwale a Kilwa

Ina bakin tekun Kilwa, na gaji da jiran jirgin tsallakawa, sai idona ya sauka kan wani dattijo durƙushe gaban kifaffen kwale-kwale. Yatsunsa sun yi ɓawo da busasshen gam, irin mai ruwa biyu da ake haɗawa. Yana kankare tsohon faci. Rana ta mai da shi rawaya, yana marmashewa kamar garin rogo, laima kuma ta ɗago shi ta ciki.

Can ya kara kuncinsa a jikin katakon, ya lumshe ido.

"Baba Shomari, barci kake?" in ji mai kwale-kwalen. "Shafa mana mu tafi, kifi ba ya jira!"

"Da sanyi, ɗana. Bai bushe ba."

"Jiya ma haka ka ce!"

"In na shafa yanzu, a tsakiyar teku zai saki."

Ban san shi ba, amma ina jin ya taɓa biye wa irin wannan magiya. Ya jawo ganyen kwakwa ya lulluɓe gwangwanayen gam ɗin. Shi kuwa ya zauna a fili, rana na cin ƙeyarsa.