Goron da na sata ya kai ni gaban alƙali

Shekarun baya, tun garin nan namu yana amsa sunan Abuja, na saci goro. Ba ma cin sa nake yi ba, ɗaci yake mini. Raba wa abokaina na yi a bakin kasuwa don su kira ni Alhaji. Shekarata goma sha huɗu, kuma a lokacin ko kaza ce ta ɓata a unguwarmu ta Zuma, ni ake fara tambaya.

Ga yadda goron ya shigo gidanmu. Yayata bazawara ce, tana sarin tukwane tana kaiwa Sabon Wuse ranar kasuwa. Wata rana da la'asar wani ɗan kwangila ya ce zai rage mata hanya, ya ratse daji da ita, ya yi mata fyaɗe. Ta je asibiti, ta je wurin 'yan sanda. Kwana biyu ya yi a tsare, sai ga shi yana yawo a gari cikin motarsa.

Malamar asibitin da ta duba ta ita ce ta ja ta gefe. "Ko sun sake shi, ke da kanki kina iya kai ƙara ki nemi diyya. Ki adana takardar likitan nan."

Da mutumin ya ji za ta kai ƙara, sai ya turo dattawa uku da ƙwaryar goro, wai a rufa asiri. Baba ya ce sai ya ji ta bakin 'yarsa, suka bar ƙwaryar a zaure. A al'ada, in an taɓa goron an karɓi sulhu ke nan, in ba a so sai a mayar da shi yadda ya zo. Ni ban san haka ba. Na dai ga farare ne, kowanne kamar kan jariri.

A cikin gida Baba yana lallashi. "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Kotu tonon silili ce, gobe duk kasuwa ta ji."

"Baba, kasuwa ta riga ta ji. Tun ranar ba a sayen tukunyata, kallona kawai ake yi. Ni aka yi wa, kuma ban yafe ba."

Daga nan Baba ya ce a mayar musu da kayansu. Aka buɗe ƙwarya, saura ƙwaya uku da ganye.

Yaya ta kai ƙara. A kotu kuwa da wannan mutanen ɗan kwangilar suka kafa hujja: an yi sulhu, duk kasuwa ta ga ɗan gidan yana rabon goro. Da muka dawo Yaya ta same ni a bayan rumbu, inda na yi niyyar zama har in tsufa.

"Auta, za ka gaya wa alƙali abin da ka yi."

"Yaya, ɗaure ni za a yi."

"Ni na tsaya gaban maza cike da ɗaki na faɗi abin da aka yi mini. Kai goro ne kawai. Tashi."

Ranar zama na gaba na tsaya gaban alƙali. Na ce, "Allah ya gafarta malam, ba a ba ni ba, sata na yi." Aka yi dariya, har da ɗan sandan kotu. Alƙali bai yi ba. Ya ce ko da uban ne ya cinye ƙwaryar duka, mai ƙara baliga ce, haƙƙin nata ne, ba mai yafewa a madadinta. A ci gaba da shari'a.

Har yau ina mamakin kaina. Ni da nake cika baki wai ko kura ba na tsoro, minti biyu na yi a wurin na jiƙe da gumi. Ita wata bakwai ta yi tana zuwa, ana ɗage zama tana dawowa, mata na nuna ta da baki a hanya, ba ta fasa ko sau ɗaya ba. A wurinta na koyi cewa kunya ta mai laifi ce.

Da takardar likita, da shaidar wani manomi da ya gan ta tana fitowa daga dajin, kotu ta ba ta gaskiya. Diyyar ba ta kai abin da ta nema ba. Ɗan kwangilar ya biya a gaban magatakarda, kafin damina ya bar garin.