Neman lallen Inna

Akwai abin da na yi da ƙuruciya wanda har yau yake cina. Lokacin da aka tashe mu daga tsohon garinmu saboda ruwan dam ɗin Bakolori, Inna mahaifiyarmu ta sari rassan lallenta na bayan ɗaki, ta naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma, ta miƙo mini in sa a mota. Na ce babu wuri, na yar da su na ɗora azara da ƙyauren ƙofa. Ba ta taɓa tada maganar ba har ta rasu. Kwanan baya yayata, wadda idonta ya tafi kuma jiki ya yi rauni, ta ce ba ta da wani buri sai ta sake shaƙar furen lallen nan. Ta ce a ranar ta ga maƙwabciyarmu ta tsince rassan.

Mun tashi da asuba daga Talata Mafara, ni da wani aminina, muka nufi Dakko ta ƙasar Bakura, inda aka ce maƙwabciyar tamu, wadda yanzu ta tsufa, tana zaune wurin ɗiyarta. Kuɗin mota ya hau sosai. Direba ya ce laifin fetur ne, ramukan hanya kuwa kyauta yake ba mu su. Bazara ta kankama, ko'ina ya bushe, sai inda magudanar ruwan dam ta ratsa, nan shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani. Darbejiyar bakin hanya duk ta yi fure, ƙamshinta yana shigowa ta taga.

A Dakko aka tarbe mu da doguwar gaisuwa da fura mai sanyi, sannan aka ce ai tsohuwa ta daɗe da komawa Dosara. Haka muka juyo, muka sake ratsa Mafara na sunkuyar da kai don kada a ce na fasa tafiya. A Maradun muka ci hoce da soyayyen kifin dam. Aminina ya ce kifin nan a saman gonar kakana ya yi kiwo, don haka bai ga dalilin da za a sayar mini da shi ba.

Mun isa Dosara rana ta take. Muka yi sallama, muka zauna a zaure, tunda namiji ba ya faɗa wa gidan mutane. Ta labule na faɗi ko ni ɗan wane ne. Sai na ji dariyar tsohuwa.

"Kai na, mai azara? Shigo mana. Wa ya rage da za a ɓoye maka?"

Lambun nata bai fi shimfiɗar tabarma kaɗan ba, a bakin makwarara inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi. Ga zogale ya yi fararen furanni da dogayen ’ya’ya, ga rumman da jan furensa, ga lemun tsami ƙudan zuma sun rufe shi. A ƙasa akwai yakuwa, da tattasai, da kuɓewa mai rawayan fure, an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Can jikin katanga lallen yake, ya fi ni tsawo, ya cika da ƙananan furanni. Ƙamshin ya buge ni, na ga bayan ɗakin Inna ƙiri-ƙiri, sai na nemi turmi na zauna.

Na ce, "Gwaggo, reshe na zo roƙo." Na sa hannu aljihu, ta harare ni.

"Mi za ka yi? Ba a sayen dashe ga maƙwabci. Kuma ba nawa ba na, ajiya ce."

Ta so in jira saukar damina, don dashen bazara wuyar kamawa gare shi. Na ce mai jiran ba lallai ta kai damina ba. Sai ta sa aka saro rassa masu kauri da wani mai fure, ta ce in kafa su inda ruwa ba ya yankewa.

A cinyata na riƙo su har gida. Mun iso bayan la'asar, na sa wa Yaya reshen mai fure a hannu. Ta daɗe tana shinshinawa. Da ta ji ina haƙa a gindin mangwaro sai ta ce, "Ba nan ba, inuwa ta yi yawa. Kawo shi ƙofar ɗakina, inda nake alwala." Yanzu ita ke shayar da su, kuma ɗaya ya fara tsiro.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da tsofaffinmu mata ke rainon sa a bakin makwarara, shi ne garinsu da za su iya ɗauka su tafi da shi. Azarar da na fifita gara ta cinye ta tun tuni. Ina roƙonku, duk wanda tsohuwarsa ta miƙo masa ɗan reshe ko ƙullin iri ranar ƙaura, ya samar masa wuri ko da a cinyarsa ne. Kada ku yi irin tawa.