Makarar da Baba Sale Ya Sa Wa Kafaɗa

Ban taɓa mantawa da ranar da motar gwamnati ta kafe a yashin Jibiya ba, ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. Ina ƙaramin ma'aikacin kwastan a lokacin. Aikinmu shi ne mu tsayar da mota, mu soka ƙarfe a buhu mu ga abin da ke ciki. Abu biyu ne ba a taɓawa: motar gwamnati da gawa.

Wannan motar ta haɗa duka biyun. Direba ya ce masinjan wani babba ne ya rasu a Katsina, za su kai shi wurin danginsa a Maraɗi. Da ta kafe, dole aka sauke makarar don a tura motar. Baba Sale, tsohon da ke ɗaga mana sandar shinge, bai taɓa barin makara ta wuce shi bai sa kafaɗa ba, don lada. Ya ruga ya karɓa. Bai yi nisa ba ya tsaya.

Ya ce da sufetonmu, "Ranka shi daɗe, wanga mamaci ba shi da nauyi, kuma ƙamshi shikai."

Sufeto ya ce, "Sale, aje ka koma bakin sandarka."

Bai koma ba, ya yaye tabarmar da aka rufe makarar da ita. Ƙullin tabar wiwi ne aka jera aka naɗe da likkafani. Kowa ya gani, har da wani ɗan jarida da ya zo ɗaukar labarin cinikin gyaɗa. Na kama hannunsa na ce, "Malam, ka dai gani." Ya ce ya gani.

Motar ta ƙetare iyaka a ranar. Bayan mako aka kori Baba Sale, wai ya wulaƙanta gawa. Jarida ta fito da hoton buhunan gyaɗa, ko kalma babu a kan makara. Tun da ba a buga ba, ƙaryar ofis ta zama gaskiyar gari, mu da muka gani aka ce muna kare abokinmu ne.

Har yau abin na ƙona mini rai. Na koyi cewa a aikin nan ƙarfenmu buhun talaka kawai yake huda, kuma mai alƙalami da ya gani ya yi shiru ya fi direban cuta. Baba Sale ya ƙarasa rayuwarsa a ƙauyen Gangara. In ya matso kusa da makara, sai a tare shi a ce, "Bari, Baba, mun isa."