Karan dawa a but ɗin sabuwar jif

Sai da dillalin motoci ya ciro karan dawa daga but ɗin motar na gane abin da ya yi ta kai maigidana Birnin Kebbi kafin rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa.

Na fita takaba ke nan dillalin ya kawo mini ƙaramar jif ɗin da marigayi ya saya har gida Kalgo. Ya nuna mini wasu biyu a waya, ko zan canza.

"Hajiya, wagga ta fi gudu, ga allo kamar talabijin. Waccan rufinta gilashi ne. Taku ce ƙaramarsu."

"To me ya sa Alhaji ya zaɓe ta?"

Ya yi dariya. "Ko injin bai duba ba! Da karan nan ya zo yana auna tsayin ƙofa daga ƙasa, wai iya nan Inna ke ɗaga ƙafa. Sauran biyun sun wuce karan. Sannan ya zauna baya, ya ce in bi ramuka da shi."

Inna mahaifiyar Alhaji ce, tana Gwandu, gwiwa ta hana ta sakat. Duk zuwa asibiti ɗaukarta ake yi cak a saka a mota, tana rufe fuska don kunya.

Na ce, "Malam, mayar da wayarka aljihu. An gama zaɓe."

Don Allah, duk wadda ta san mace mai koyar da tuƙi a Kalgo, ta faɗa mini. Ban iya ba tukuna, kuma Inna ba ta shiga motar ba.