Tarihin Marigayi Sada Mai Rediyo da Sandar da Ya Binne

An haifi Sada a garin Kurfi a shekarar 1939. Mahaifinsa Malam Hudu tela ne, mahaifiyarsa kuwa Turai, mutuniyar Barkiya.

Karatu

Bayan ya sauke Alƙur'ani, an sa shi elementare a Dutsin-Ma a 1950, inda daga baya ya koyi gyaran rediyo.

Aure da Sana'a

A 1960 ya auri Rekiya, ya buɗe wurin gyara a zauren mahaifinsa. A 1964 ya yi wata shida a Legas, inda ya ga injin lissafi mai cika ɗaki, ana ce masa kwamfuta, wanda ba a kusantarsa sai an taɓa wata waya da ta shiga ƙasa, domin jikin mutum yakan tara wutar da ke lalata inji.

Da ya dawo sai ya haƙa rami a bayan zaure, ya binne sandar jan ƙarfe da gawayi da gishiri, ya haɗa ta da doguwar wayar rediyo da ke bisa soro. Kullum da hantsi yakan tsuguna ya zuba wa ramin ruwa. Da rani akan ji ƙas kamar tartsatsin wuta idan ya miƙa hannu a gaisa, har wasu suka daina ba shi hannu. Aka fara cewa wani abu yake shayarwa a ramin. Ya yi bayani cewa sandar hanya ce da wuta ke bi ta shige ƙasa, amma hankalin mahaifinsa bai kwanta ba.

Rasuwa

Ranar Laraba, 17 ga Mayu, 1967, Sada yana kasuwa, mahaifin, don tsoron kada ɗansa ya mutu cikin shirka, ya tone sandar, ya mayar da ƙasa yadda take. Washegari Sada ya zuba ruwa kamar kullum. Da la'asar hadari ya taso, tsawa ta faɗo Sada yana riƙe da wayar, ta kashe shi. Ba a samu rauni a jikinsa ba sai ɗigon ƙuna a tafin hannu. An yi jana'izarsa kafin magariba. Allah Ya jiƙansa.

Ya bar 'ya'ya uku: Hasana, Maniru da Kulu. Suna hannun kakansu Malam Hudu, wanda ya rubuta wannan tarihi domin su karanta idan sun girma, don har yau bai iya faɗa musu da baki ba.