Mutumin da ke cikin kwalekwale

Shekarun baya, lokacin da nake shirin sake zama jarrabawar fita sakandare, Turanci ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. A zaman farko na ci komai, shi kaɗai ya kayar da ni, kuma babu jami'ar da za ta dube ni in babu shi. Ƙawayena suka wuce, ni kuwa na zauna a gidanmu na Ƙofar Sauri ina kallon gajimare, wanda dama shi ne aikin da na fi ƙwarewa a kai.

Mahaifina ya sa ni lesin a wajen wani malami a Ƙofar Durbi. Tun makon farko Malam ya gano ciwona. Ya ɗaga takardata ya ce, "Ke mafarki ne ya kayar da ke. An tambaye ki me ya kai manomi kasuwa, kin cika mini shafi da abin da ke cikin zuciyar matarsa. Wa ya tambaye ki matarsa?" Aji ya yi dariya, ni ma na yi. Sai ya ba ni doka: amsa tana cikin rubutun da aka ba ni, abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ya kuma ba ni aiki. Kullum in ɗauki labari ɗaya daga littafin tsofaffin tambayoyi, in karanta shi da ƙarfi, in fassara wa wani da Hausa. Duk kalmar da ta gagare ni, in nufi ƙamus.

A gida kowa yana da abin yi, ban da kakata, wadda muke kira Inna. An kawo ta daga Batagarawa don aikin ido, likita ya hana ta hayaƙi da rana, ta rasa inda za ta sa kanta. Bayan la'asar sai in shimfiɗa mana tabarma a inuwar ɗakinta, in buɗe littafi.

Inna ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, amma ba ta karɓar fassarar ha'inci. In na yi kwana-kwana sai ta ce, "'Yar boko, wannan ba Hausa ba ce, ba kuma Fulatanci ba. Koma ki tambayo babban littafin." In koma ƙamus, in dawo, in sake. Wata kalmar sai mun yi ta juya ta kamar waina kafin ta ce, "Yawwa, yanzu na gan ta." Duk kalmar da Inna ta gani, ban sake manta ta ba. Mun yi labarin sauro, mun yi na haƙar ma'adinai, mun yi na wani sarki mai rowa da ta tsana har ta tofar da yawu.

Akwai abin da kowa ya sani a gidanmu. Inna tana da ƙane da ya tafi kudu da shanu tun tana amarya, bai dawo ba, ba a kuma taɓa kawo labarin rasuwarsa ba. Ba ta taɓa yarda a ce masa marigayi ba. Ko baƙo ya zo daga nesa, bayan doguwar gaisuwa sai ta sako tambayar ko ya ga wani dogon Bafulatani mai tabo a goshi.

Wata rana muka zo kan labarin wata mata a wani gari na bakin kogi. Ɗan'uwanta ya tafi fatauci a kwalekwale, shekaru suka shuɗe. Duk ranar kasuwa takan je bakin ruwa ta tsaya. Rannan sai ta hango wani kwalekwale yana tahowa, da mutum tsaye a cikinsa. Ta sa hannu ta kare rana daga idonta.

Nan na tsaya da karatun.

"Ci gaba mana," in ji Inna.

"Ya ƙare, Inna. Sai tambayoyi."

"Ya ƙare kamar yaya? Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ba a faɗa ba."

"Juya bayan takardar."

Na juya. Labarin noman roba ne a can. Ta ce wannan wane irin rashin tarbiyya ne, mutum ya kawo ka tsakiyar kogi ya sauka ya bar ka. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Washegari na tambayi Malam. Ya ce masu shirya jarrabawa yanko labaran suke yi daga wasu littattafai, iya abin da zai ishe su tambaya, kuma shi ma bai san daga inda aka yanko wannan ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "An tambaye ki wa ke cikin kwalekwalen?" Na ce a'a. Ya ce, "To."

Inna kuwa ba ta bar maganar ba. Muna tsakiyar wani labarin sai ta ce, "Ita matar nan, har yanzu tana tsaye?" Ranar da ta fi matsa mini, cewa ta yi, "Ɗiyar nan, ba ke ce mai rubuce-rubucen waƙoƙi a ɓoye ba? Ki ƙarasa mana shi. Kowane labari ai wani ne ya zauna ya shirya shi."

Na san dalilin tambayarta sarai. Amma jarrabawa ta matso, kuma ina tsoron kaina. Gani nake in na buɗe wa mafarki ƙofa ko kaɗan, zai biyo ni har ɗakin jarrabawa ya sake kayar da ni. Sai na ba ta amsar da aka koya mini, har da ɗan alfaharin ɗalibar da ta haddace darasi.

"Inna, abin da ba a rubuta ba bai faru ba."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta ce, "Ashe haka ne a wajenku." Na yi mata alkawarin bayan jarrabawa zan nemo littafin mu ji gaskiyar ƙarshensa. Ta ce Allah ya kai mu.

Na ci Turanci, ci mai kyau. Idon Inna ya warke ta koma Batagarawa, ni na wuce jami'a. Na duba ɗakin karatu, na tambayi malamai, ban sami littafin ba. Ana haka aka fara ce mini Inna tana mance abubuwa. Da farko inda ta ajiye carbi, daga baya sunayen jikokinta.

Da hutu na je na same ta a ƙofar ɗaki, goggona tana taje mata kai. Ba ta gane ni ba, amma ta amsa gaisuwata har ƙarshe, ta tambaye ni mutanen gidanmu. Na zo da ƙarshen labarin da na shirya da kaina, na yi ta gyara shi a mota. Na tuna mata da matar bakin kogi, na ce, "Inna, shi ne. Kwalekwalen ya iso, ya sauko, da tabonsa a goshi."

Ta dube ni da fara'a ta ce, "Ai na sani. Jiya ma ya zo, na dama mishi hura. Ya rame, amma shanun sun yi kyau."

Goggona ta girgiza mini kai a hankali, ta ci gaba da tajewa.

Inna ta rasu a daminar da ta biyo baya. Dokar Malam gaskiya ce, ita ta kai ni jami'a, kuma ita nake koya wa ƙannena in sun kawo mini nasu littafin. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne dokar ta ɗakin jarrabawa ce, ba ta tabarmar Inna ba. Kalma ɗaya take nema a bakina, a lokacin da take da hankalin da za ta ji daɗinta, ta san jikarta ce ta ba ta. Da na kawo, ta riga ta gaji da jira ta samo wa kanta.

Littafin tsofaffin tambayoyin yana nan, bangonsa ya yage. Wani lokaci nakan buɗe shafin, in tarar da matar tana tsaye da hannu a goshi. Ba na karanta tambayoyin da ke ƙasa. Nakan ce mata, "Shi ne," sannan in rufe.